Maganar hayaƙin kabon za ta kashe wa ɗana sana'ar kanikanci?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Injiniya. Ni direban tasi ne a Kumasi, a Aboabo nake zaune, na haura shekara 20 ina riƙe da sitiyari. Babban ɗana ya rubuta jarrabawar BECE ta gama ƙaramar sakandare bana, kuma tun yana ƙarami hankalinsa a kan inji yake. Niyyata in kai shi Magazin, unguwar makanikai da ke Suame a nan Kumasi, wurin mastan da ke gyara mini mota. To ƙanina da ya yi jami'a ya tayar mini da hankali. Ya ce duniya ta juya wa fetur da dizal baya saboda hayaƙin kabon, nan da 'yan shekaru motar lantarki ce za ta cika titi, duk wanda ya shiga kanikanci yau ya shiga sana'ar da ta mutu. Ya ce karatu mai zurfi ne kaɗai ke rage hayaƙi a ƙasa, shi ya sa iskar Turawa ta fi tamu tsabta. Ni dai ban ga laifin mastana ba. Da motata ta yi zafi ya cire mata tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin inji, ya haɗa fanka kai tsaye, daga baya da ta rage ƙarfi ya fasa katalis, matatar hayaƙin da ke cikin salansa, ya zubar, ya ce duk kayan ƙasar sanyi ne, mu a nan ba ma buƙatarsu. Motar tana shan kusan lita 20 a rana. Wallahi barci ya ƙaurace mini a kan yaron nan, ba na so in jefa shi inda zai zo yana kuka da ni bayan raina. Me ka gani?

Direba daga Aboabo

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, ka kwantar da hankalinka, Allah ya raya yaron nan ya yi masa albarka. Gyaran mota ba zai mutu a hannunsa ba. Gwamnati ta ƙaddamar da tsarinta na motocin lantarki a taron sauyin yanayi na Dubai a watan Disamba 2023, kuma zangon ƙarshe na tsarin ya kai har 2045. Ko da komai ya tafi yadda aka rubuta a takarda, motar fetur da ke sauka a tashar Tema yanzu za ta daɗe tana kai da komo tsakanin Kejetia da Tafo, ka fi ni sanin yadda muke riƙon mota a ƙasar nan. Motar lantarkin ma tana da birki da taya da ƙafafu da esi, kuma wayoyin da ke cikinta sun fi na duk motar da ka taɓa tuƙawa yawa. Dole wani ya gyara su. Wanda ke dab da mutuwa shi ne irin kanikancin da aka yi wa motarka, kuma a kansa zan daɗe, domin ya fi maganar ƙaninka damuna.

Ƙaninka ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya ya saki ɗayan. Da digiri ne ke rage hayaƙin kabon, da ƙasashen da suka fi yawan masu digiri su ne suka fi ƙarancinsa. In aka raba kabon da Ghana ke fitarwa daga ƙona mai da gas a kan kowane ɗan ƙasa, yana wajen tan 0.6 a shekara. Matsakaicin duniya ya haura tan 4 da rabi. Ba'amurke yana wajen tan 14. Koriya ta Kudu, wadda da wuya ka sami ƙasar da ta fi ta tura matasa jami'a, ta haura tan 10. Afirka duka ba ta kai kashi 4 cikin 100 na abin da duniya ke fitarwa ba. Abin da ya sa iskar biranensu ta fi ta Asawase daɗin shaƙa shi ne sun tace toka da gubar da ke fita daga salansa. Amma kabon ɗin da ke ɗumama duniya, wanda ido ba ya gani hanci ba ya ji, sun ninka mu a kansa nesa ba kusa ba.

Dalilin a fili yake. Mutum ya yi karatu, ya sami albashi, sai ya sayi mota, ya sa esi a ɗaki, ya gina gidan siminti, ya hau jirgi. China ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da kabon tun wajen 2006, a daidai shekarun da jami'o'inta ke yaye injiniyoyi ba adadi. Tun farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki ke muhawara a kan cewa gurɓatar muhalli kan hau tare da arziki, in ta kai wani tudu sai ta gangaro. An ga hakan a wasu nau'o'in ƙazantar iska da ruwa. A kan kabon kuwa gangarowar ba ta zuwa da kanta, sai an sami hannayen da suka iya yin aikin da ɗan mai kaɗan, ko ma ba tare da mai ba.

Dubi Kenya. Tun shekarun 1980 suke tura matasansu Aislan koyon yadda ake haƙa rijiyar tururi a fitar da wuta daga zafin ƙarƙashin ƙasa. Yau a Olkaria, kusa da Naivasha, 'yan Kenya ne ke haƙa rijiyoyinsu da kansu, har kamfaninsu na wuta yana karɓar kwangilar haƙa a Habasha da Jibuti, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na wutarsu daga hanyoyin da ba sa ƙona mai take zuwa. Sai ka dubi Habashar kanta. A 2024 ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da dizal, motocin lantarki suka shigo, masu su suka wayi gari suna neman wanda ya iya gyara su ruwa a jallo. Doka ta riga hannu isowa. A nan gida ma muna da namu misalin. A 2007, da ruwan madatsar Akosombo da ke ba mu wuta ya ja baya, an raba ƙwan fitila mai tsimin wuta miliyan 6 kyauta, aka rage wa layin ƙasa nauyin kusan megawat 124 a lokacin da aka fi jan wuta. A 2013 aka fara hana shigo da tsofaffin firji. Waɗannan sun yi tasiri ne saboda an sami 'yan ƙasa da suka zauna suka auna, suka gano ta inda wutar ke zurarewa.

To a Ghana ina kabon ɗin yake? Kusan rabin wanda muke fitarwa daga makamashi, daga sufuri yake fitowa: tasi, trotro (ƙananan bas na haya), Pragya da aboboya (kekuna masu ƙafa uku na fasinja da na kaya), manyan motocin da ke bin hanyar Techiman zuwa Paga. Mafi yawansu kuma na hannu ne, an gama cin ƙuruciyarsu a Turai ko Amurka ko Koriya. Wanda ke yanke hukuncin lita nawa kowacce za ta sha shi ne makanike. Ana ƙiyasta masu aikin hannu a Suame Magazin sun kai 200,000. Alkawarin da Ghana ta ɗauka ƙarƙashin yarjejeniyar Paris ta 2015, na rage tan miliyan 64 na hayaƙi mai ɗumama duniya kafin 2030, wani kaso nasa yana ƙarƙashin bonet ne, a hannun yaro mai riƙe da sifana. Shi ya sa nake ɗaukar tambayarka da nauyi.

Yanzu mu zo kan tamostat. Kusan kullum sai na ji maganar nan, daga bakin masta, daga bakin direba, har daga bakin masu digirin da ƙaninka ke yabo: wai kayan ƙasar sanyi ne, a Afirka cire shi ake yi. Maganar nan ƙarya ce, kuma ta cinye wa mutanen Zongo kuɗin da da sun gina gidaje da shi. Motar da kake ja, irinta ake sayarwa a Dubai da Riyad, inda zafi ke haura digiri 45, wanda Kumasi ba ta taɓa ganin irinsa ba, kuma da tamostat ɗinta take fita daga kamfani. Motocin da Toyota ke harhaɗawa a Tema tun 2021, don titin Ghana aka yi su, kuma kowacce da nata. Kamfanin da ke lissafin kowace ƙusa don rage tsada ba zai sa abin da ba shi da amfani a miliyoyin motoci ba.

Aikin tamostat shi ne ya kai inji zafin da aka ƙera shi a kai, wajen digiri 90, da wuri, sannan ya riƙe shi a nan. Da safe yana rufe, ruwa na zagayawa cikin inji kawai har ya ɗumama. In ya kai ma'auninsa sai ya buɗe ruwa ya wuce lagireto. In ka cire shi, ka kuma haɗa fanka tana juyawa tun daga kunna makulli, injin zai wuni yana neman zafin da ba zai samu ba, musamman da asuba, da damina, da kan hanya mai nisa. Ka lura da allurar zafi a dashbod ɗinka. Na san tana kwance can ƙasa, kana kallonta kana jin daɗi, kana cewa motata ba ta zafi. Wannan allurar da ke kwance kuɗinka ne ke tsiyaya.

Ga yadda abin ke tafiya. Sensar zafin ruwa tana gaya wa kwamfutar inji, wadda kuke kira kwanturol bod, cewa har yanzu inji bai ɗumama ba. Kwamfutar ba ta san an cire komai ba, abin da aka gaya mata take bi, sai ta ci gaba da ƙara mai kamar yadda take yi a mintunan farko na safiya. Man da ya yi yawa ba ya ƙonewa duka. Wani ya wanke baƙin mai daga jikin silinda, rin da fistan su riƙa gogar ƙarfe. Wani ya gangara cikin baƙin man ya tsinka shi, shi ya sa in ka zaro sandar awo ka shinshina za ka ji warin fetur. Fulogi ya yi baƙi. Sauran kuma ya bi salansa ɗanye ya isa katalis, ya kama ƙonewa a can, har cikinsa ya narke ko ya toshe. Daga nan mota ta rage ƙarfi, ba ta iya hawa tudu da fasinja huɗu. Ka koma wurin masta, ya sa ƙarfe ya farfasa katalis, mota ta buɗe, ya dube ka ya ce ka gani, ai na faɗa maka kayan Turawa ne. Alhali shi ne ya kashe katalis ɗin da hannunsa tun ranar da ya cire tamostat. Wasiƙarka ta jero abin daki-daki, yadda yake faruwa a kowane gareji: zafi, cire tamostat, raguwar ƙarfi, fasa katalis. Gyaran gangar auzinawa ke nan.

Kuma ainihin abin da ya sa motarka ta yi zafi tun farko yana nan ba a taɓa shi ba. An bar jaki ana dukan taiki. Mota kan yi zafi ne saboda lagireto ya toshe da tsatsa da gishirin ruwan famfo ko na rijiya da muke ɗura mata maimakon ruwan sanyaya inji, ko murfin lagireto ya daina riƙe matsi, ko rile ko sensar fanka ta mutu, ko famfon ruwa ya cinye, ko gaskit ya fara ƙonewa. Wani lokaci tamostat ɗin ne da kansa ya maƙale a rufe, to sai a sa sabo. Gane hakan ba ya buƙatar wata na'ura mai tsada. A ciro shi, a duba jikinsa, akwai lamba da aka buga, sau da yawa 82 ko 88. A ɗaura masa zare a saka shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta. Kafin ruwan ya tafasa, lokacin da ƙananan kumfa suka fara tasowa daga gindin tukunya, za ka ga bakinsa yana buɗewa a hankali. Ka ciro shi ya sha iska, ya koma ya rufe. In ya yi haka lafiyarsa ƙalau, a mayar da shi a nemi ciwon a wani wuri. Aikin minti goma ne. Wanda ya shekara 30 a gareji bai taɓa yin wannan gwajin ba, ni ban yarda a ba shi ɗan mutum ya koyar ba. Akwai ma injinan da tamostat ɗinsu ke rufe wata ƙaramar hanyar ruwa in ya buɗe babbar. A irin waɗannan, cire shi kan sa ruwa ya riƙa kauce wa lagireto, mota ta fi da yin zafi.

Bari mu yi lissafi da lambarka. Lita 20 a rana, a ce kana fita kwana 300 a shekara, lita 6,000 ke nan. Kowace litar fetur in ta ƙone tana ba da kilo 2.3 na kabon, ta dizal kusan 2.7. Tasinka kaɗai tana fitar da kusan tan 14 a shekara. A ce gyaran da aka yi mata ya ƙara mata shan mai da kashi 10 cikin 100 kawai. Lita 600 ke nan a shekara, kabon kusan tan 1.4, fiye da rabon 'yan Ghana biyu. Kuɗin lita 600 kuwa kai za ka buga shi da farashin gidan mai na yau, ka ga kuɗin makarantar yara nawa ne. Sannan ka tsaya a Kejetia da yamma ka ƙirga motocin da aka yi wa irin wannan aikin.

Katalis kuma, zan faɗa maka gaskiyarsa don kada wani ya ruɗe ka: ba ya rage kabon mai ɗumama duniya. Aikinsa kare huhu ne. A cikinsa akwai farin dutse mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an shafe shi da filatinam da faladiyam da rodiyam, su ne ke juya gubar hayaƙi ta zama mai sauƙi kafin ta fita. Babbar gubar ita ce kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, ita ce ke kashe iyali guda cikin dare in an kwana da janareta a cikin gida. Motar da aka fasa wa katalis tana fitar da ita ninkin-ba-ninkin. In salansarka na yoyo ta ƙarƙashi, kai ne na farkon shaƙa. Ciwon kan nan da jiri da kasala da direbobi ke ji bayan la'asar su ce gajiya ce, ba kullum ne gajiya ba. Don Allah ka daina kwanciya cikin mota a tasha da inji a kunne, gilashi a rufe. Bayan kai kuma sai yarinyar da ke tallar ruwan leda a tsakanin motoci, da mai koko da ƙosai da ke bakin titi tun asuba da goyo a bayanta, daidai tsayin salansa. Waɗannan ba su ci maka komai ba, kuma haƙƙinsu na kan duk wanda ya sa hannu a wannan ɓarna yana sane.

Na san inda al'adar ta samo asali, kuma tsofaffin mastoci ba mahaukata ba ne. A da ana sa dalma a fetur, dalma kuwa tana kashe katalis cikin ɗan lokaci, don haka a wancan zamanin motar da ta sauka daga Jamus ba ta daɗewa da nata. Amma tun farkon 2006 ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina sayar da fetur mai dalma. A 2017 Ghana ta sauko da iyakar sulfa a man dizal da ake shigowa da shi daga 3,000 zuwa 50 cikin miliyan. Mai ya canja, mota ta canja daga kafireta zuwa injekta da kwamfuta, ilimin gareji ya tsaya inda yake, masta yana miƙa wa yaro, yaro in an yaye shi ya miƙa wa nasa yaran. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa mai mota ba: ƙarafan da ke cikin katalis suna da tsada ƙwarai, kuma akwai masu yawo gareji-gareji suna sayen garinsa. Ka tambayi mastanka ina naka ya tafi. Sau da yawa kuma wurin fasa shi ake lalata sensar iska ta gaba ko a cire mata waya, kwamfuta ta koma zuba mai da ka. Fitilar gargaɗi ta kama a dashbod, sai a liƙe ta da baƙin tef ko a zare ƙwanta. Mota tana faɗin ciwonta, an toshe mata baki.

Na esi ma haka ne, a taƙaice. Gas ɗin R134a da ke cikin mafi yawan motocinmu, kilo ɗayansa yana ɗumama duniya kamar kilo 1,430 na kabon. Ƙaramar mota na ɗaukar kusan rabin kilo. Mai gyaran da ya danna bawul ya sake shi a iska, a cikin minti ɗaya ya yi ɓarnar ƙona lita 300 na fetur. Wanda ya koyi aiki yana zuƙe gas ɗin da na'ura, ya nemo inda ke yoyo ya toshe, ya mayar. Wanda bai koya ba sai dai ƙarin gas duk bayan wata uku, kai kuma kana biya.

Hukuma ma ba ta taimaka yadda ya kamata ba. Ka tuna harajin hayaƙi da aka fara karɓa a Fabrairu 2024: sidi 75 a kan babur da keke mai ƙafa uku, sidi 150 a kan mota irin taka, sidi 300 a kan manya. Da girman inji aka yanka shi, babu wanda ya sa na'ura a salansa ya auna. Wanda ya kula da motarsa da wanda ke turnuƙe unguwa da baƙin hayaƙi kuɗi ɗaya suka biya, to wa zai gyara? An soke shi a 2025 ba tare da ya koya wa makanike ko ɗaya komai ba. Dokar 2020 ta hana shigo da motar da ta haura shekara 10, ita ma an jingine ta. Ga kuma tarurrukan otal na kwana biyu da ake kira horon sana'o'in kare muhalli, a ci abinci, a raba riga da satifiket, a ɗauki hoto, a watse, ba wanda ya taɓa inji. Rabin kuɗin da ake kashewa a irin waɗannan da an sayi na'urar binciken mota da maltimita an ajiye a kowane layi na Magazin, da malami ɗaya mai zagayawa, da an ga bambanci a gidajen mai. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, KNUST, ta gane haka tun 1980 da ta buɗe cibiyarta ta koyar da fasaha a cikin Magazin ɗin kanta, kusa da masu aikin. Irin wannan ya kamata a yawaita.

Game da yaron, shawarata kada ka zaɓa masa tsakanin makaranta da gareji, ka haɗa masa biyun. Tunda ya rubuta BECE, a nema masa makarantar fasaha, karatun kyauta ne yanzu kamar na sauran sakandare, kuma ga Kumasi Technical Institute a cikin gari. Ya ɗauki fannin mota, ya fi ba da ƙarfi a wutar mota. Shekara uku ne. Duk hutu ya tafi Magazin ya sa hannu a baƙin mai, domin makaranta ita kaɗai kan fitar da yaro ya san sunan kowane ƙarfe amma bai iya kwance shi ba. Abin da nake so ya fito da shi daga aji ba shi da yawa: ya iya karanta littafin mota da Turanci ba tare da tsoro ba, ya iya bin zanen wayoyi da yatsa daga batir har sensa, ya san alaƙar bolt da amfiya da juriyar waya, ya iya lissafin kaso, ya saba da auna abu kafin ya kwance shi. Da wannan zai gyara motar fetur ta yau, da shi kuma zai gyara ta lantarki in ta zo. In ya so ci gaba, ga Kumasi Technical University. Karatun allo da na Islamiyya kuma kada a yanke masa, da yamma da ƙarshen mako suna nan.

Kada ka ɗauka maganar lantarki ta gobe ce kawai. Motoci masu haɗa fetur da batir, irin su Prius, sun riga sun shigo gari. Batirinsu ya haura bolt 200, na motar lantarki zalla kan kai 400. Wayoyin masu ruwan lemo ne, kuma an yi musu wannan launin ne don gargaɗi. Yaron da aka koya wa gwada wuta ta hanyar goga waya a jikin bodi ya ga tartsatsi, ranar da ya yi wa irin wannan waya haka ba zai koma gida ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa ka tace wanda za ka miƙa wa ɗanka.

Mastoci na gari suna nan a Magazin, na san su da yawa, wasu ba su yi aji ko ɗaya ba amma sun sayi na'ura sun sa yaransu masu karatu suna karanta musu, kuma ba sa jin kunyar tambaya. Hukumar CTVET mai kula da ilimin fasaha da sana'o'i tana da tsarin gwada irin waɗannan a ba su takardar shaida a kan abin da suka riga suka iya, ya kamata shugabannin Zongo da limamai su riƙa tura mutanenmu can. In ka je neman wa yaro wuri, ka yi wa masta tambaya ɗaya kafin a kai ga maganar goro da kuɗin shiga: in mota ta zo maka tana zafi, me kake fara yi? In ya ce zai duba murfi da fanka da lagireto, ya gwada matsi, ka zauna ku yi magana. In ya ce cire tamostat, ka yi masa godiya ka kama hannun ɗanka ku wuce gaba.

Motarka kuma kada ka bar ta haka. Kafin a taɓa komai, ka cika tanki har baki, ka rubuta lambar kilomita, ka yi aikinka na mako guda kana rubuta duk litar da ka ƙara, ranar ƙarshe ka sake cikawa ka raba kilomita da lita. Sannan a wanke lagireto, a canja murfinsa, a sa tamostat mai lambar da kamfani ya ce, ka kula da jabu don sun yi yawa a kasuwa, a mayar da fanka kan sensarta, a zuba ruwan sanyaya inji na gaske, a sa na'ura a duba sensar iska, a canja fulogi da baƙin mai tunda na ciki ya riga ya sha fetur. A toshe duk inda salansa ke yoyo tun yau, katalis kuma in hali ya samu a sa wani, amma sai bayan an gyara shan man, in ba haka ba shi ma zai ƙone. Allurar zafi za ta hau ta tsaya wajen tsakiya, kada ka tsorata, nan ne mazauninta. Ka sake awon mako guda a kan hanyoyin da ka saba bi, ka aiko mini da lambobin biyu.